Rasuwar Na'urar Buga Faifan Alhaji Maina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda takaici ya fi yawa a cikinsa, Alhaji Maina mai shagon faifai a kasuwar Dungas yake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar na'urarsa ta buga faifai. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Karambani ne, irin na mutumin da zai tarar da abu lafiya lau ya ce sai ya gyara shi.

Marigayiyar daga Magarya aka kawo ta. Ranar da Alhaji ya je saye, an jera masa sirara masu ƙyalli, ya ƙi. Ɗaga su ya riƙa yi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tayin rago, ya ɗauki wadda ta fi nauyi. Ba ta ba shi kunya ba. Ba ta taɓa ɓata faifai ba, sai dai in da ma da tabonsa ya zo. In ta buɗe baki ka ji "zirrr", in ta kama aiki ka ji "fuuu", ta gama ta miƙo maka ba gardama.

Ciwon ajalinta ya zo ne ta hannun mijin Hinda, 'yar Alhaji, wanda kunya ta hana a kama sunansa a nan. Cewa ya yi manhajojin kwamfutar shagon duk ɗinkin kanti ne, shi zai warware su ya sake gina kowace daga tushe, daidai jikinta. Alhaji bai gane ba, kuma ba a jayayya da suruki, sai ya bar masa shago. Kwamfuta ta wuni tana zubo rubutu cikin zafin bazara, fanka na kuka. Da aka gama, kwamfutar ta ce sam ba ta san marigayiyar ba, abokiyar zamanta ta shekara da shekaru. Maimakon mutumin nan ya tsaya, sai ya shiga sauya wa na'urar tata manhajar ita ma. Ana tsaka da haka batirin sola ya ƙare. Abin da aka ji daga bakinta na ƙarshe shi ne "ƙat".

Ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya da ba ta cikin hayyacinta, da kwalin faifai sababbi fil, da dattawan Dogo-Dogo waɗanda aka yi wa alkawarin tafsirin bana kafin Sallah. Su ba a waya suke saurare ba, kuma Alhaji bai taɓa saɓa musu ba.

Za a yi jana'iza ranar kasuwa bayan La'asar, a bayan shago. Masu gyara kada su wahalar da kansu, an gode. Kafin nan mijin Hinda zai ɗaura gawar a babur ɗinsa, ya bi dattawan gida-gida ya yi musu bayani da bakinsa. Kujerarsa ta shago an ɗauke, buhun gyaɗar da yake samu duk kaka bana babu, kuma ko linzamin kwamfuta ba zai sake taɓawa ba.

Mai ta'aziyya ya samu Alhaji a shago. Mai son yi wa surukin jaje ya jira sai ya dawo daga Dogo-Dogo.