Yadda Ake Mamaye Cikin Uwa Ba Tare da Sallama Ba

Obed da Deborah mutanen Tabanni ne. Suna da doya, suna da babur, ɗa ne babu. Sau biyu ciki yana zubewa. Kai ɗan tayi, ga hanyar da na ukun ya bi. Bi ta a hankali, na lamunce maka masauki na wata tara.

1. Shigo shiru. Ba ka kai ƙwayar gero ba, kada ka yi fankama. Nemi wuri mai laushi a bangon mahaifa ka lafe.

2. Kada ka taɓa aiki. Kana da leburori, wato ƙwayoyin da za su zama mabiyiya. Naka aike ne kawai. Tura musu sinadari: ku haƙa nan, ku faɗaɗa jijiyar jinin can. Ɗan tayi mai kunya yakan rasa wurinsa.

3. Dasa bishiya a gonar aro. A garinmu wanda aka ara wa gona ba ya dasa mangwaro, don kada ya zaune. Kai dasa. Kafin mai gona ta farga, saiwa ta kama.

4. Sanar da ita ta hanyar amai. Deborah ta daina shiga kicin.

"Ƙosan da kike saye wurin Gwaska ne," in ji Obed. "Na hana ki."

"Ƙosai wata biyu, maigida? Tayar da babur mu je asibiti."

5. San iyakarka. Haƙa sama-sama, jinin uwa ya hau, kai kuma ka rame. Zarce ƙasa, mabiyiya ta ƙi fita ranar haihuwa. Huraira unguwarzoma ta auna Deborah ta ce, "Wannan ya riƙe, 'yar'uwa. Amma babu ke babu ramukan hanyar nan."

"Ai a hankali nake tuƙi," in ji Obed.

"Malam, da ƙafa ta shigo tana zaginka," in ji Huraira.

Hattara. Ni malamin firamare ne. In ka bi wannan aka samu matsala, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Gara uwarka ta je awo.

Na ukun nan mace ce, yanzu tana aji biyu a makarantarmu, sunanta Sophia. Na karanta mata duka, sai ta ce, "Wato Mama ba ta san na zo ba, ni na ƙi tafiya."