Rasuwar Sansar Iska ta Motar Almustapha Dudu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da idanun da hayaƙi ya mayar jajaye, ni Almustapha Dudu, mai jigilar kifi daga Wara zuwa kasuwar Yelwa, ina sanar da 'yan uwa direbobi rasuwar sansar zafin iska ta motata mai shan gas.

Marigayiyar ba ta kai babban yatsa girma ba. Shekara tara tana zaune a bututun iska, tana gaya wa ƙwaƙwalwar mota zafin iskar da injin ke shaƙa, don a ba shi mai daidai cikinsa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ba ta taɓa neman sabis ba. Ni kaina ban san tana cikin motar ba sai da ta cika.

Ciwon ajalin ya faro da tarin safe, kir-kir-kir, fuu! Sai baƙin hayaƙin da ya sa 'yan kabu-kabu ke binmu da zagi, ga shan mai ba ƙoshi. Wata wuta ruwan ɗorawa ta kunnu a gabana, na liƙe ta da salatif. Ranar kasuwa motar ta kasa hawa tudu da ɗanyen kifin Hajiya Hansatu. Ba mu isa ba sai da rana ta take, ƙudaje na yi mana rakiya. Hajiya ta rantse ba ni ba kayanta sai motar ta warke.

Na canza filtar mai. Na sa an kwance nozul masu fesa wa injin mai, an wanke su. Na zargi Yusha'u mai gas da garwaya kananzir, na yi mako uku ba na gaishe shi.

A ƙarshe Sunday bakanike ya jona kwamfuta, ya dube ta, ya dube ni muna ta zufa.

"Alhaji, wagga mota cewa take sanyi ya kai arba'in ƙasa da sifiri. A Yelwa. Da azahar."

Ya bi wayoyi, lafiya lau. Ya ciro marigayiyar, ya ɗora mata mita, ya hura mata zafi da na'urar busar da gashin matarsa Rachel. Lambar mita ko motsi. Nan Sunday ya cire hularsa.

Ta rasu ta bar filtar iska, da turbo, da marayun wayoyi biyu, da nozul huɗu da suka sha wanka ba laifin komai. Yusha'u kuwa na je har rumfarsa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma har yanzu gefe yake kallo in ya zuba mini mai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a garejin Sunday, inda za a sa ta a tsohon bokitin noti. Zaman makoki zai ci gaba a gindin mangwaron garejin har magajiyarta ta iso daga Kontagora. Ana roƙon jama'a su zo da wuri, domin ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ƙarfe sha ɗaya yake zagayowa, kuma ba ya jiran addu'a.