Hoton Wuyan Maiɗakina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Duba-Ta-Waya, jagoran likitocin da ke duba mutum ba tare da sun haɗa ido da shi ba, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka da na'urorinka, ina neman izinin gabatar da 'yan ƙorafe-ƙorafe, cikin ladabin wanda ya san ba a tambaye shi ba.

Ni mai ɗaukar hoto ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina da shago a layin teloli, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da zare. Ba a taɓa shiga shagona da ƙurji a goshi an fita da shi a hoto ba. Na rage wa ango teɓa, na cike wa tsoho giɓi, na mayar wa wani babban ma'aikaci gashin da ya rabu da shi tun yana ƙaramin akawu. Na faɗi haka ne don ka san ba ɗan koyo ke yi maka magana ba.

Maiɗakina malamar lissafi ce. Tana da tawadar Allah a wuya, ƙasan kunnen hagu, kuma da ita na aure ta. Bara mai yi mata kitso ta ce abin ya ƙara faɗi, gefensa ya karkace, kalarsa ta rabu biyu. Likitan fata mafi kusa da mu tafiyar yini guda ne, layinsa kuwa sai ka yi wata uku kana jira. Sai babbar 'yarmu ta saka mana manhajarku a waya, ta ce a ɗauki hoton wurin a tura, likita zai duba daga inda yake. Na ce in dai hoto ne, ai magana ta zo gidanta.

Na ɗaya, ƙa'idodinku na ɗaukar hoto. A kawar da kwalliya, a cire sarƙa, a matso da waya kamar za a shinshina mutum, sannan a ɗora rula a gefen tabon. Ranka ya daɗe, wa ya koya muku hoto? Mace mai 'ya'ya huɗu da ɗalibai ɗari biyu, a ɗauke ta da rula a wuya kamar katakon da za a yanka? Na yi dai, don ni mai bin doka ne, amma raina bai so ba.

Na biyu, sau shida manhajarku tana dawo min da aikina, wai hoton ya yi duhu, in ƙara haske. Rana tsaka ce fa, a bakin taga, ga fitilun shago biyu na kunna har tana gumi. Hoton bai yi duhu ba. Matata ce baƙa, kuma haka na gan ta na ce ina so. Da fatar su wa kuka koya wa na'urar taku aiki? A dubban hotunan da aka ce ta haddace, ba a samu mai kalarmu ko ɗaya da ya ratsa ta gabanta ba? A karo na shida maiɗakina ta sauke rular ta ce, "Baban yara, tambaye su ko so suke in haɗiye ƙwan fitila." Ga shi na isar da tambayar.

Na uku, kuma a nan nake roƙon ka gyara zama. Da na gaji, sai na kai hoton kwamfutar shago don in ƙara masa hasken da kuke nema. To, hannun da ya shekara talatin yana abu ɗaya ba ya neman shawarar mai shi. Na ƙara haske. Na ga gefen tabon kamar an yagi takarda, na zagaye shi ya koma da'ira. Na ga kala biyu, na daidaita ta koma ɗaya. Allah shaida ban goge shi ba, mayar da shi kawai na yi yadda na san shi tun muna amarya da ango. Duka aikin bai kai minti biyu ba, kuma ya yi kyau, wannan kam sai dai a yi haƙuri. Manhajarku ta karɓa nan take, har da koriyar alama. Washegari likitanku ya rubuto cewa tawadar Allah ce, babu abin damuwa, a sake dubawa bayan shekara.

Ƙorafina a nan shi ne, kun rubuta sharuɗɗa shafi goma sha ɗaya, na karanta su tas. Kun hana a kai ku kotu, kun hana a kwafi tambarinku, amma babu layi ɗaya da ya ce kada a gyara hoto. Ba ku san akwai irinmu a duniya ba? Ko kuna zaton duk mai riƙe waya gaskiya yake ɗauka da ita?

Na huɗu, bayan wata biyar wurin ya fara ƙaiƙayi, har ya ɓata mata wuyan riga da jini. 'Yarmu ta zo, ba ta ma gaishe ni da kyau ba, ta tsayar da uwarta a ƙofar kicin ta ɗauka da wayarta mai tsagaggen gilashi. Ga inuwar yatsa a gefe, ga tukunya ta leƙo daga baya. Hoton da ko maƙiyina ba zan miƙa wa ba. Shi ne kuka amsa cikin awa biyu, wai a kawo ta asibiti cikin makon nan. Wato a wurinku mummunan hoto ya fi nawa daraja? Na yi ta neman yadda zan musa wannan, ban samu ba.

Na biyar, maganar taurari. Ranar Litinin aka yanke wurin, ɗinki tara, aka tura naman ɗakin gwaji, sakamako sai Alhamis. Likitar da ta yi aikin ba ta da yawan magana. Ta ce da tun farko aka zo, da ɗinki uku ya isa, kuma da ba mu zauna jiran jin ko ciwon daji ne da ya yi nisa ba. Muna saukowa daga matakalar asibiti, ina riƙe da jakar maiɗakina, wayata ta yi ƙara. Ku ne, da 'yar fuska mai dariya, kuna tambaya ko mun ji daɗin hidimarku, mu ba ku taurari biyar. Ranka ya daɗe, ba rowa nake yi muku ba. Ba za a iya koya wa manhajar nan ta jira Alhamis ba, kamar yadda muke jira?

Buƙatata biyu ce. Ku rubuta a shafin farko, da baƙaƙen da ko mai gyaran agogo zai gani ba tare da gilashinsa ba, cewa a turo hoto yadda yake. Sannan ku nuna wa na'urarku baƙar fata har ta saba. In hotuna ne babu, mutanen layinmu sun yarda in ɗauke su, kuma na yi alkawarin zaunar da hannuna.

Za ka ce me ya hana in aiko maka wannan a ambulan, mu kashe mu rufe, maimakon in baza shi a jarida. Dalilin yana gida. Har yau maiɗakina ta ɗauka likitanku na farko ne ya yi sakaci. Tun Litinin take tsara masa wasiƙa mai zafi, wuya a naɗe, tana karanta min tana tambaya ko ta ƙara. Ni kuwa sai in ce ya yi haka. Sau uku na buɗe baki, sau uku na ɓuge da tambayar ko ta sha magani. Bawan Allahn nan bai yi laifi ba, abin da aka nuna masa ya duba. Ita kuma ba ta tsallake shafin wasiƙu a jaridar nan, da jan biro ma take karanta shi.

Malama, in kin iso nan, ni ne. Ki ajiye waccan wasiƙar. Wata biyar ɗin nan ni na ci miki su, kuma ina tsoron Alhamis fiye da yadda kike gani a fuskata. Ina shago, ki zo ki faɗi duk abin da ke bakinki, ba zan kare kaina ba. Motar farko za mu bi zuwa asibiti ranar, in har za ki yarda in zauna kusa da ke.

Ranka ya daɗe, ka gafarce ni da na ari ƙofar ofishinka na yi maganar gida. Allah ya ƙara girma, ya ƙara wa na'urorinka gani.

Naka mai biyayya har kullum,
Mai hoton layin teloli