Jan Faifan Tauno

"Ukki, ina kwana? Ashe ka iso da ƙafarka. Har na fara tunanin aiko maka da motar asibiti."

"Lafiya lau, uwar 'yan barci. Ni da na zo tun sauro bai karya kumallo ba."

Tsoho Tauno ne zaune a kan benci, bakin filin jifan faifai na ƙauyensu, inda ake wurga faifan roba zuwa kwandunan ƙarfe da aka kafa nesa da juna, mai tsokanar kuwa jikarsa ce Pihla, wadda ke kiransa Ukki, wato kaka a harshensu. Shekara da shekaru su biyu ke shiga gasar bibbiyu ta ƙauyen, inda kowa ke jefa faifansa a ɗauki jifan da ya fi kusa da kwando a cikin na abokan biyu. Jifan gefe shi ne abin alfaharin Tauno, sai ga shi hunturun da ya wuce an yi masa aiki a kafaɗa, likita ya hana shi jifan gefe har abada, ya bar masa na bayan hannu kawai. Faifan da ya fita ta bayan hannun dama kuwa hagu yake karkata in ya gaji, na gefe kuma dama, ga shi a kwandon ƙarshe tafki ne shimfiɗe a hagun.

Ana cikin haka maƙwabta, waɗanda ba a taɓa rasa su da labari, suka kawo masa cewa kullum da yamma ana ganin Pihla a filin nan tare da wani saurayi Joonas. Don haka da ta kira shi ta ce ya zo akwai magana, ga gasa ranar Asabar, bai tambayi komai ba. Ya san sallamarsa za a yi, abin kuma ya tsaya masa a rai. Ya saka tsohon jan faifansa na jifan gefe a jaka, don in an kore shi ya miƙa kayan aiki da mutuncinsa.

"To faɗi abin da ya kawo ki," in ji shi. "Na ji an yi mini juyin mulki."

"Wa ya gaya maka?"

"Har agwagin tafki sun sani. Ke da wannan yaro mai dogon wuya."

"Joonas? Ukki, kishi kake yi?"

"Kishin wa? Yaron da in iska ta taso sai an ɗaure shi a jikin bishiya?"

"Shi dai faifansa ba ya zuwa gaida kifi."

"Sadaka nake ba su. Ku yaran yanzu ina kuka san alheri?"

"Ai sun gode. An ce faifanka da suka tara ya ishe su buɗe tasu gasar a ƙarƙashin ruwa."

Tauno ya yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba. Pihla ta zaro faifai ta cusa masa a hannu.

"Tashi ka yi mini na bayan hannu guda ɗaya in gani."

Wato jarrabawa kafin kora ke nan, ya faɗa a ransa. Ya miƙe, ya tattara ƙarfinsa duka a dantse ya wurga. Kafaɗar ta soke shi, faifan ya ɗaga hanci sama, ya yi ta shawara da iska, sannan ya faɗo cikin ciyawa ɗan nesa kaɗan da takalminsa.

"Ukki, jifa ka yi ko kaza ka saki?"

"Gwaji ne. Ina auna iska."

"Ka auna ta, tana nan lafiya. Kai matsalarka hannu kake ɗora wa aikin ƙugu. Juya wa kwandon baya, ka miƙa faifan can bayanka. Ƙafa ta fara sauka, ƙugu ya juya, hannu ya biyo a ƙarshe. Ka ja shi ta saitin ƙirji kamar kana jan igiyar injin kwale-kwalenka."

"Ke za ki koya mini juya ƙugu? Ƙugun nan ya yi rawa da kakarki tun ba a san za a haifi ubanki ba."

"Tun ranar kuma bai sake motsi ba. Daga nan ina jin ƙararsa kamar ƙofar garejinka."

"Mara kunya."

"Gado na yi. Ka sunkuyar da hancin faifan kuma, ba a sama aka rataye kwandon ba."

Ya yi tsaki, amma ya bi abin da ta ce. Ya juya baya, ya sauke ƙafa, ƙugun ya yi ƙararsa ya juya. Faifan ya fita a kwance, ya ratsa tsakanin bishiyoyi ya yi ta tafiya har sai da tsohon ya kare ido da hannu. Ya tsaya yana jiran sukar kafaɗa. Ya shafa wurin, ya ɗaga hannun, ya sake shafawa, shiru. Rabon da ya yi jifa ba tare da zafi ba tun kafin aikin.

"Dama haka nake yi," in ji shi. "Ɗazu na ɓoye ne kar ki sace."

"Na sani, Ukki."

Suka taka har kwandon ƙarshe. Ga dutse a dama, kwandon na bayansa, ga tafki a hagu ya buɗe baki. Nan wasa ya fita daga muryar Tauno.

"Pihla, ki faɗa kawai mu huta. Ba a cin wurin nan sai da jifan gefe, ni kuwa nawa ya ƙare. Ɗauki yaron. Ba zan yi fushi ba, in ma na yi, na kwana biyu ne."

Pihla ta ɗauko faifai, ta sa yatsu biyu a ƙarƙashin bakinsa, ta tsaya a karkace ta wurga ta gefe. Faifan ya fita yana rawar ɗari, ya faɗi a taɓon bakin ruwa. Tauno ya saki baki, don wannan yarinyar ce ta sha rantsuwa ba za ta taɓa yin jifan gefe ba, wai jifan masu watsa wa kaji tsaba ne.

"Abin da Joonas ke koya mini ke nan," ta ce. "Tunda likita ya ƙwace naka, dole wani a gidanmu ya iya. Kai ka riƙe mana bayan hannu, ni in riƙe gefe."

Abin da ya tokare wa tsohon ƙirji duk kwanakin nan ya sauka a hankali. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana zagin sauro. Da ya juyo, muryarsa ta dawo yadda aka san ta.

"Wannan ne abin da mai dogon wuyan ya koya miki? Duk yammacin nan da kuka ɓata? Ai gara ki miƙa wa agwagwa ta kai miki."

"To gwani, gyara."

"Kin baje gwiwar hannu kamar mai shanya. Matso da ita kusa da haƙarƙari. Tafin hannu ya kalli sama har faifan ya fita, kar ki kife shi. Wuyan hannu ne mai aikin, irin yadda ake watsa ruwa da ludayi kan duwatsu masu zafi a ɗakin surace, wurin wankan tururi. Au, na manta, ina za ki sani? Ke kullum a bencin ƙasa kike laɓewa kusa da ƙofa."

"Don in samu hanyar kiran taimako in zafi ya sumar da kai a na sama."

"Ungo nan, mai baki."

Ya zaro jan faifan daga jaka. Bakinsa duk ya cinye, launinsa ya koɗe.

"Wannan da kare ya tauna?"

"Karen da kansa ya roƙi alfarmar ɗanɗanawa. Aro na ba ki, jifa ɗaya."

Pihla ta matse gwiwar hannu, ta buɗe tafi, ta fizga da wuyan hannu. Jan faifan ya nufi kan ruwa kamar zai bi 'yan'uwansa, sai ya karkata dama, ya zagaya dutsen ya kwanta a gindin kwando.

"Faifan ne ya san hanya," in ji tsohon. "Ko makaho ya jefa shi can zai je."

"To a ba makahon kofi."

Ya buɗe filas ya zuba mata, ya gutsura burodin kirfa ya ba ta babban ɓangaren.

"Shi yaron fa?"

"Ya ce zai riƙe mana jaka ranar Asabar."

"Wannan kam wuyansa zai iya." Ya kurɓi kofi, ya dube ta a kaikaice. "Ashe dai ba korata kika zo yi ba."

"In kore ka? To in mun faɗi wa zan ɗora wa laifi?"

Tauno ya yi dariya har kofin ya zube masa a wando. Da ta ɗauko jan faifan ta goge ta miƙo masa, sai ya mayar da hannunsa aljihu.

"Riƙe shi, kin ci. Amma ranar da ya je gaida kifi, ke za ki shiga ki ɗauko."