Ranar da Na Saki Giwan Ruwa

Ni da ban taɓa kama ko tarwaɗa ba, sai ga ni na yi hayar kwalekwale a dam ɗin Goronyo, na gayyato surukina daga Wurno ya zo ya ga gwaninta. Har na ce wa matata kada ta sayi nama, ta dai jajjaga kayan miya.

Masuncin, Malam Ɗanjuma, ya tuƙa mu har tsakiya, inda ruwa ya haɗe da sama, ba tudu ba icce. Can ya taɓa igiyar ƙugiyarsa, ya ji nauyi.

"Alhaji, riƙe min nan in ɗauko mashi. Kada ka saki."

"Haba Malam, ni?" na ce.

Sai ruwa ya dare, giwan ruwa ya taso. Tsawonsa ya kai mutum, jikinsa na walƙiya kamar sabon kwano, jan idonsa a kaina. Ban taɓa ganin halitta irin wannan ba. Na ɗaga hannu sama na ce, "Subhanallahi!"

Hannu biyu na ɗaga. Kifi ya nutse da igiyarsa.

Malam Ɗanjuma ya juyo da mashi a hannu. "Alhaji, mi kay yi?"

"Tasbihi," in ji surukina, yana kallon ruwa.

Ranar miyar kuka muka sha, lami.

Har yau, in aka zo shafa fatiha wurin suna, surukina sai ya dafa ni a hankali: "Dakata, ɗana. Aje abin da kaka riƙe tukuna."