Rasuwar Ƴar Kwatano, Motar Masu Nono

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Rayyanu Ƙadri na unguwar bayan tasha a Mayahi suna sanar da ƴan'uwa, maƙwabta da abokan hanya rasuwar motarsu, wadda aka fi sani da Ƴar Kwatano. Ta cika ranar Laraba bayan la'asar, a kan yashin ƙofar gida, a gaban shaidu da dama, waɗanda yawancinsu hannuwansu na jikinta a lokacin.

An haifi marigayiyar a Turai, a shekarar da takardunta ba su yi ittifaƙi a kanta ba. Ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano da tsufanta, ta yi zama a hannun wani ɗan kasuwa a Maradi, kafin Rayyanu ya ajiye aikin gwamnati ya ɗauko ta da abin da aka sallame shi da shi. Tun daga nan aikinta ɗaya ne. Kowace ranar kasuwa takan zagaya rugagen da ke kewaye da Kanan-Bakashe, ta kwaso mata da nononsu da man shanunsu, ta kai su Tasawa kafin rana ta ɗumama ƙwarya. Da ita gidan Rayyanu ke ci.

Waɗanda suka yi hulɗa da ita sun shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa tambayar asalin isansi, wato man fetur, da aka zuba mata ba, na kwalba ne ko na famfo. Ta san yashi, yashi ya san ta. Ta taɓa ɗaukar ɗan maraƙi a kujerar baya ba ta nuna ɓacin rai ba, ko da yake kujerar ba ta manta ba. Ƙofarta ta hagu ba ta buɗuwa sai ta waje, abin da ya koya wa fasinjoji da yawa jiran juna. Da safe takan ce "kir-kir-kir" sau biyu, kamar mai gyaran murya, sannan ta ce "burum", kajin unguwa su watse.

Jinyarta ta fara ne da bazara. Da zarar inji ya ɗauki zafi sai ta yi shiru a tsakiyar hanya, babu tari, babu gargaɗi. In an bar ta ta huce a inuwar gawo sai ta tashi kamar ba ita ba. Masu nono suka ce gajiya ce. Aka yayyafa mata ruwa, aka sake mata buji, wato fulogi, ciwo bai tafi ba. A ƙarshe wani makanike a Maradi ya jona mata na'urarsa, ya faɗi sunan cutar: kaptar. Wani ɗan abu ne da bai wuce babban yatsa ba, yana zaune a wani rami a bayan inji, yana kallon wani faifan ƙarfe mai haƙora da ke juyawa tare da injin, shi ke faɗa wa mota lokacin ba da wuta. In ya makance, inji ba ya sanin inda yake. Makaniken ya ce ƙusa ɗaya mai zare ke riƙe da shi, duk mai haƙuri zai iya sauya shi a gida.

Kafin sabon ya iso a taksin Maradi, marigayiyar ta kwanta gaba ɗaya, batirinta ma ya ƙare wajen gwaji. Damina ta kama, shanu sun ƙoshi, nono ya yi yawa. Wani mai adaidaita, Dodo, ya fara ratsa rugagen yana gaishe da mata da fara'a. Abin da ya hana su bin sa shi ne maganar mutum ɗaya: Alhaji Ɗan Baba, dattijon rugar, mahaifin Fatiha matar Rayyanu. Shi ya ce su jira surukinsa zuwa kasuwa mai zuwa.

Ranar Laraba Rayyanu ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida ya buɗe murfin inji. Ya kwance ƙusar lafiya, ya zaro tsohon kaptar. A wajen zarowar ne ƙusar ta suɓuce daga yatsunsa ta faɗa cikin ramin. Marigayiyar ta ce "tin". Ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar rediyo ya ɗaura a karan gero, yana cikin laluben rami ke nan sai ya ji sallama. Alhaji Ɗan Baba ne, ya zo da kansa ya duba majinyaciya. Rayyanu ya cusa sabon kaptar a ramin don kada iska ta zuba yashi, ya jona wayarsa, ya tuɓe takalma ya durƙusa.

Ya kamata a faɗi wani abu a nan saboda masu karatu daga nesa. Tun da ya auri Fatiha, Rayyanu bai taɓa cin abinci a gaban Alhaji ba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, balle ya musa masa. Duk maganar da ta wuce gaisuwa, ta bakin Fatiha take bi. Ranar kuwa Fatiha ta tafi barkar haihuwa a wata unguwa.

Alhaji ya leƙa ya ga sabon abu a mazauninsa. Shi a saninsa, motar da aka gyara ta ƙi tashi, turi take so. Ya tare mutanen da ke fitowa daga masallaci, suka naɗe hannun riga. Rayyanu ya shiga ya zauna, ya san abin da ke kwance kusa da haƙoran faifan, kansa a sunkuye. Turin farko ya danne ambarayaj, fedar da ke raba inji da tayoyi, bai saki ba. Na biyu ma haka. Mutane suka tsaya suna haki. Sai Alhaji ya jingine sandarsa, ya cire malfa, ya kafa kafaɗarsa a bayan motar, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa. Rayyanu ya gan shi a madubi. Ya saki.

Iyalan suna so a sani cewa sabon kaptar ɗin lafiyarsa ƙalau. Marigayiyar ta ce "burum", da muryar da aka jima ba a ji irinta ba, har wasu suka fara hamdala. Sannan ta ce "ƙaras-ƙaras-ƙwal". Ba ta ƙara cewa komai ba.

Makaniken da aka kira daga Tasawa ya samu haƙoran faifan a karye, gidansa a tsage, kan sabon kaptar a guntule. Ya tsamo ƙusar, ta lanƙwashe amma tana nan da ranta. Ya yi wa mai gida ta'aziyya, bai yi maganar gyara ba.

Marigayiyar ta bar mai gidanta Rayyanu, da Fatiha da ƴaƴansu; tayoyi huɗu da ba uwarsu ɗaya ba; da rediyo mai kama tasha guda. Ta kuma bar matan rugagen Kanan-Bakashe, waɗanda suka aiko da gaisuwa da ƙwaryar nono. Dodo ne ya kawo saƙon, a adaidaitarsa, a hanyarsa ta dawowa daga kai su kasuwa.

Za a yi rakiya ranar Asabar da hantsi, daga ƙofar gida zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bakin hanyar Tasawa. Da turi za a kai ta. Ana roƙon masu zuwa kada su ambaci ƙusa a gaban Alhaji Ɗan Baba, wanda har yau yake ganin ƙarancin hannu ne ya kashe ta, ya kuma yi alkawarin zuwa da samarin ruga ko Allah zai sa ta tashi a gangaren tasha. Rayyanu ne zai zauna a mazaunin direba. In Alhaji ya ce ya saki, zai saki.