Dutsen da Barmo Ya Sa a Bayan Taya

A Kurmin Gwaska akwai wani gida mai mutum uku: Iya Tabawa, da babban ɗanta Isiyaku, da ƙanensa Barmo, magidanci har da gemu, wanda duk abin da aka ce masa, shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Abincin gidan a kan tsohuwar jif ɗin Isiyaku yake, wadda ke hawa da baƙi ta cikin daji zuwa ƙolin Dutsen Maiganga, inda ake hango garuruwa bakwai. Iya ce ta roƙa a riƙa tafiya da Barmo, ko ya samu sana'a.

Wata rana suka iso bakin rafi. Isiyaku ya ce, "Shiga ka yi ta tafiya in ga zurfinsa." Ruwan iya gwiwa ne, jif ta haye. Barmo kuwa ba a ce ya tsaya ba. Da la'asar masunta suka dawo da shi daga ƙauye na gaba.

Wata rana yashi ya riƙe su. Isiyaku ya ce, "Rage iskar tayoyi, sai na ce ya isa." Ya juya yana ba baƙi haƙuri. Kafin ya waiwayo, duka huɗun sun kwanta.

Isiyaku ya ce, "Aiki ɗaya ya rage maka. Duk inda na tsaya, sa dutse a bayan taya. Ka ɓata wannan, ka koma gida."

Barmo ya samo dutse, ya riƙa rungumarsa a mota. Kasuwa, ƙofar masallaci, gidan mai, sai ya diro ya sa. Mutane suka yi ta yi wa Isiyaku dariya.

Wata rana Iya ta ce a kai ta ta hango garin haihuwarta. A ƙolin dutsen, wuri kamar shimfiɗaɗɗe, Isiyaku ya ja birkin hannu ya fita. Barmo ya sa dutsensa.

Isiyaku ya ce, "Nan ma? Na gaji. Gobe gida za ka zauna."

Bai rufe baki ba wayar birkin ta tsinke. Jif ta gangara baya da Iya a ciki, taƙi ɗaya, ta dogare a kan dutsen Barmo. Bayanta kwari ne mai zurfi.

Barmo ya ce, "Yaya, in cire?"

Isiyaku ya ce, "Bar shi nan, ƙanena."

Har yau dutsen yana can, Barmo bai yarda kowa ya taɓa shi ba. Washegari Isiyaku da kansa ya nemo masa wani.